Adaidaita Sahu Bayan Ƙaramin Haɗari: Ɓarnar Fili Da Ta Ɓoye

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Janguza har ya kai Rimin Gado, ba zai rasa cin karo da irin wannan abu ba: babur mai ƙafa uku kwance a gefen titi, ko kuma tsaye da goshi a lotse, mutane sun kewaye shi ana ta cacar baki. Sau da yawa ba a rasa rai ba, ba a ma yi rauni mai yawa ba. Sai a taru a ɗaga keken, a kakkaɓe masa ƙura, direba ya murza makulli, in injin ya tashi kowa ya ce an tsallake rijiya da baya. Ilmin kimiyya kuwa yana nuna cewa tashin inji ba shaida ba ce ta lafiyar keke, domin ɓarnar da ido ke fara gani ita ce mafi ƙarancin haɗari a cikin abin da karo ke haddasawa.

Wannan keke ba tsohon abu ba ne a ƙasar Kano. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya ƙera irinsa a 1948, daga baya ya yaɗu a Indiya, inda kamfanonin Bajaj da TVS ke ƙera galibin waɗanda ake gani a nan. A Nijeriya an fara saninsa a Legas zamanin mulkin Buba Marwa, sannan shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin tarayya ta kafa a 2001 ya ba shi sunan Keke Napep. A Kano kuwa ya ci sunan shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Hana haya da acaɓa a cikin birni da aka yi a watan Janairu na 2013 ya sa ya yawaita ainun, har ya fantsama garuruwan karkara. A Rimin Gado da ƙauyukanta aikinsa ya wuce ɗaukar fasinja: yana ɗaukar buhunan hatsi da taki da kwandunan kayan lambu, a kan kwalta da kuma hanyoyin burji da damina ke zaizayewa.

Me ya sa yake saurin kifewa?

Ƙafafun keken uku suna zana siffar alwatika a ƙasa, ɗaya a gaba, biyu a baya. Kowane abu yana da wani gurbi da ake ɗauka nan ne nauyinsa duka ya tattaru, wanda masana ke kira cibiyar nauyi. Muddin layin da aka saukar daga wannan cibiya zuwa ƙasa ya faɗa cikin alwatikar, keke na nan daram. Da zarar ya fita waje, sai kifewa. Matsalar ita ce alwatika tana tsukewa ta gaba, saboda haka idan direba ya taka birki yana cikin shan kwana, nauyi zai rinjaya gaba da gefe guda, wato daidai inda babu ƙafar da za ta tare shi. Ɗora buhu a kan rufi, ko zaunar da fasinja a gefen direba, yana ƙara dagula lamarin, don na farko yana ɗaga cibiyar sama, na biyu kuma yana jan ta gaba da gefe.

Keke mai ƙafa uku tamkar tukunya ce a kan duwatsun murhu. Duwatsu uku sun isa su riƙe ta ba girgiza, amma babu na huɗu da zai maye gurbi idan ɗaya ya goce. Wannan shi ne dalilin da ya sa lahani kaɗan a ƙafar gaba, wanda mota za ta iya jurewa na ɗan lokaci, kan zama babban al'amari ga adaidaita.

Sai kuma batun gudu. Ɗaliban fiziya sun san cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai motsi daidai yake da rabin nauyinsa a ninka da saurinsa sau biyu. A ɗauka, alal misali, keke da direba da fasinjoji da kaya sun kai kilo 700. Idan yana tafiyar kilomita 18 a awa, wato mita 5 a daƙiƙa, ƙarfin motsinsa jul 8,750 ne. Idan gudun ya ninka zuwa kilomita 36 a awa, ƙarfin zai kai jul 35,000, ninki huɗu ke nan. Karo da bango a gudu na farko daidai yake da a sako keken daga tsayin kusan mita ɗaya da kwata. A gudu na biyu kuwa, daga mita biyar. Ƙarfin nan ba ya ɓacewa. Wani yana tafiya wajen lanƙwasa ƙarfe, wani ya zama zafi da ƙara, wani kuma ya shiga jikin mutanen da ke ciki.

Mutum tukuna, sannan wuta

Kafin a dubi ƙarfe sai an dubi mutane. Wanda ya bugu a ka yana iya miƙewa garau, amma bayan sa'o'i ya fara amai, ko ciwon kai mai tsanani, ko magagi da yawan barci. Waɗannan alamu ne na cewa jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai, kuma wajibi ne a kai shi asibiti ba da ɓata lokaci ba. Wanda ke kukan wuya ko baya, kada a ja shi ko a murɗa shi. Yanka kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da ƙyalle mai tsabta, a kuma nemi allurar rigakafin tetanos. Mutane na danganta wannan cuta da tsatsa, alhali ƙwayarta a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, abin da ba ya wuya a hanyoyin gona. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122.

Bayan haka a kashe makulli, a cire wayar batir, a fara da mai alamar ragewa. Fetur kan zuba daga tanki ko kabureta idan keke ya kwanta, kuma tururinsa ne ke kama wuta. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana malala, don haka taba ko ashana daga 'yar tazara ma na iya tayar da gobara. A zuba yashi a kan abin da ya zube. Ruwan batir kuwa asid ne mai cin fata da tufafi, maganinsa ruwa mai yawa.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a wannan gaɓa, shi ne gaggawar tayar da injin keken da ya daɗe a kwance. Baƙin mai na iya silalewa ya shiga ɗakin da fistin ke matsa iska. Iska tana matsuwa, amma ruwa da mai ba sa matsuwa, saboda haka idan aka tilasta wa injin juyawa, sandar da ke riƙe da fistin tana iya lanƙwashewa, a mayar da gyaran 'yan dubbai ya koma sauke inji. Abin da ya dace shi ne a bar keken tsaye na ɗan lokaci, a duba ma'aunin mai, in ana shakka a kwance filogi a juya injin don ya fitar da abin da ya shiga.

Abin da ƙarfe ke ɓoyewa

A shekarar 1678 masanin nan na Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idar da ke cewa miƙewar abu kamar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi, kuma yana komawa yadda yake in an sake shi. Amma wannan yana da iyaka. Idan ƙarfin ya wuce iyakar, ƙarfe zai lanƙwashe ya tsaya a haka, tsarin cikinsa ya sauya. Kowa na iya gwadawa da guntun waya: lanƙwasa ta farko da sauƙi, mayar da ita sai da ɗan wuya don wurin ya yi tauri, in aka yi ta maimaitawa sai ta yi zafi ta karye. Ke nan ƙarfen da aka miƙe ba ya zama sabo, ko da ya yi kyaun gani.

Ga lotsewar bodi wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Mai gyaran jiki zai bubbuge ta da guduma, ya cike, ya fesa fenti. Abin lura kawai shi ne kada a bar ƙarfe tsirara, domin inda fenti ya ɓare, ruwa da iskar oksijin za su haɗu da shi su haifar da tsatsa, musamman da damina. Inda aka fi yin ganganci shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, wanda ya haɗa ta da kan keke. Shi ke fara karɓar bugu a yawancin karo, kuma shi ne ake yawan gasawa da wutar walda a miƙe don gudun sayen sabo. Zafi yana sauya ƙarfin ƙarfe ta hanyar da ido ba ya iya aunawa. Ƙaramin tsagi da ya samu a lokacin karo zai riƙa buɗewa yana rufewa da kowane rami da aka faɗa, yana ƙaruwa a hankali. Wani injiniya Bajamushe, August Wöhler, ya yi nazarin wannan hali a tsakiyar ƙarni na 19 a kan sandunan ƙafafun jirgin ƙasa da ke karyewa ba zato, ya nuna cewa maimaita ƙaramin nauyi sau dubbai yana karya ƙarfen da babban nauyi guda bai karya ba. Ana kiran abin gajiyar ƙarfe. Idan wannan sashe ya lanƙwashe ko ya tsage, canza shi ya fi miƙe shi, ko da kuɗin ya fi yawa.

Gano tsagi ba ya bukatar na'ura mai tsada. Akwai tsohuwar dabara da ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita: a wanke wurin, a shafa kananzir a bar shi ya jiƙa, a goge tas, sannan a barbaɗa garin alli a ɗan bubbuga da ƙaramar guduma. Kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagi zai fito ya zana siririn layi a kan farin allin. Wuraren walda da kewayen ramukan noti su ne suka fi cancantar wannan gwaji.

Karkacewar gindin keke kuwa igiya ma ta isa ta tona ta, kuma malamin lissafi zai iya mayar da wannan darasi a aji. A tsayar da keken a daɓe mai laushi, a saita kansa sak, a auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ƙafar baya ta dama, sannan ta hagu. Alwatikar mai gefe biyu daidai ce, don haka ya kamata awon biyu su yi daidai. In sun bambanta a fili, wani abu ya goce. Irin wannan keke yana ja gefe guda, yana cin taya ta ɓangare ɗaya, kuma ya fi saurin kifewa a kwanar wani hannu fiye da ɗayan.

Birki yana aiki ne bisa ƙa'idar Blaise Pascal, ɗan Faransa, wadda ta ce matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. Ƙaramar huda a bututun man birki tana rushe wannan rufi. Gwajin mai sauƙi ne: a taka birki a riƙe na rabin minti. Idan ƙafa tana nutsewa a hankali, mai na yoyo. Idan kuma ya yi taushi kamar soso, iska ta shiga. Ko wanne ne, keken bai cancanci hawa titi ba. Haka nan taya da ta yi ƙulu a gefe, zaren cikinta ne ya tsinke, mai faci ba shi da maganinta. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta a ga ko wili yana rawa, a girgiza ta a ji ko boris ya saki.

Wa zai biya?

Yawancin direbobi ba su ne masu keken ba. Wasu suna kawo balas kullum, wasu kuma sun karɓa bisa sharaɗin biya kaɗan kaɗan har ya zama nasu. Wannan tsari ne ke sa direba ya ɓoye wa mai keke cewa an yi karo, ya gyara inda ake gani ya ƙyale sauran, tun da kowace ranar da keke ya kwana a gareji bashi ne a kansa. Ana iya fahimtar uzurinsa, amma fasinjan da zai hau gobe bai san da wannan ciniki ba.

A karkara akan sasanta ƙananan haɗurra ta hanyar sulhu, a gaban shugabannin tasha ko mai unguwa ko dagaci. Sulhun yana da kyau, sai dai akan yanke kuɗi a nan take bisa abin da ido ya gani. Ya fi dacewa a ɗauki hotuna da waya kafin a motsa ababen hawan in ba su tare hanya ba, a rubuta lambobinsu, sannan a jinkirta yanke adadi har sai makaniki ya duba ƙasa da ciki, a kuma rubuta yarjejeniyar gaban shaidu. Inda aka yi rauni, a sanar da 'yan sanda.

Dokar Nijeriya tun 1945 ta wajabta inshorar da ke kare mutum na uku, wato wanda abin hawa ya yi wa ɓarna. A tsarin da hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fara aiki da shi a Janairun 2023, kuɗin shekara na babur mai ƙafa uku naira 5,000 ne, kuma diyyar dukiyar wani na iya kaiwa naira miliyan biyu. Irin wannan inshora ba ta gyara keken mai ita, na wanda aka buge take biya, kuma takardar jabu da aka saya a bakin hanya ba ta biyan kowa.

Idan an gama gyara, a fara gwada keken ba fasinja, a fili mai shimfiɗa, a hankali, a sassauta riƙon kai a ga ko zai ja gefe, a taka birki a ji ko zai karkace. Bayan mako guda ana aiki da shi, a sake ɗaure notocin ƙafafu, a kuma maimaita gwajin kananzir da alli a duk inda aka yi walda.