Amurka: dokar da ta hana a tambayi mai neman aikin gwamnati tarihinsa na kotu tun da fari

Duk wanda ya taɓa haɗa dosiye domin shiga konkur na aikin gwamnati a Nijar ya san takardar kaziye, wadda ake karɓowa a kotu, kuma ake sharɗanta kada ta wuce wata uku. Idan babu ita, dosiye bai cika ba. A ƙasar Amurka kuwa, gwamnatin tarayya ta sauya lokacin yin wannan tambaya. Tun daga ranar 20 ga watan Disamba na shekarar 2021, doka ta hana ma'aikatunta su tambayi mai neman aiki ko an taɓa kama shi ko yanke masa hukunci, sai bayan an tantance shi an kuma yi masa tayin aikin.

Me dokar ta tanada?

Shugaba Donald Trump ne ya sa wa dokar hannu a watan Disamba na 2019, cikin babbar dokar kasafin kuɗin tsaro, aka kuma ba ma'aikatu shekara biyu su shirya. Ta samu goyon bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu: a majalisar dattawa, Cory Booker na Demokrat da Ron Johnson na Rifablikan ne suka gabatar da ita. Ta shafi ma'aikatun gwamnatin tarayya, da kuma kamfanoni masu zaman kansu a guraben da suke ɗaukar ma'aikata domin aiwatar da kwangilar gwamnati.

Dokar ba ta hana bincike ba, kuma ba ta tilasta a ɗauki kowa ba. Da farko ana duba takardun ilimi da ƙwarewar mutum, a yi masa ganawa, idan ya cancanta a yi masa tayi bisa sharaɗi. Daga nan ne ake buɗe tarihinsa. Idan abin da aka gani bai dace da aikin ba, ana iya janye tayin.

Akwai guraben da aka keɓe: aikin jami'an tsaro masu ikon kama mutane, ayyukan da ke buƙatar ganin bayanan sirri na ƙasa, da waɗanda wata doka ta riga ta wajabta yin bincike tun farko.

A watan Satumba na 2023, hukumar kula da ma'aikatan tarayya, OPM, ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. Mai neman aikin da aka yi wa tambayar kafin lokaci yana da kwana 30 ya kai ƙorafi. Jami'in da aka samu da laifi ana fara yi masa gargaɗi a rubuce. Idan ya maimaita a dakatar da shi, idan ya ci gaba a haɗa masa da tarar da ke iya kai dala 1,000.

Me ya kawo ta?

Ana ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 70 ne a Amurka ke da wani abu a rubuce a kundin ƴan sanda ko na kotu, wato kusan baligi ɗaya cikin uku. Da yawa daga cikinsu kama su kawai aka yi, ba a taɓa yanke musu hukunci ba. A takardun neman aiki kuwa, an daɗe ana ajiye wani ɗan akwati inda ake tambayar ko mutum ya taɓa aikata laifi. Wanda ya amsa da e, galibi nan take ake ajiye takardarsa gefe, ba wanda zai tambaye shi wane laifi ne, ko yaushe ya faru.

Wani bincike da masaniyar zamantakewa Devah Pager ta wallafa a 2003 ya nuna girman matsalar. Ta tura samari masu takardu iri ɗaya neman aiki a birnin Milwaukee, wasu suna cewa sun taɓa zaman gidan kaso. Cikin farar fata, kashi 34 cikin ɗari na marasa tarihin laifi aka sake kira, masu tarihin kuma kashi 17. Cikin baƙar fata, kashi 14 ne da kashi 5. Ke nan farar fata mai tarihin kaso ya fi baƙar fata marar laifi samun kira.

Jahar Hawaii ce ta fara cire wannan akwati a 1998. Daga bisani tsoffin ƴan kaso da iyalansu suka mayar da batun gangami, har jahohi fiye da 30 da birane da ƙananan hukumomi fiye da 150 suka ɗauki irin wannan mataki. Hujjarsu ita ce, wanda ya fito daga kaso ya rasa sana'a ya fi saurin komawa.

Bayan an buɗe tarihin fa?

A 2012, hukumar yaƙi da wariya wajen ɗaukar ma'aikata ta Amurka ta ba da abubuwa uku da ya kamata a auna: girman laifin, tsawon lokacin da ya wuce tun da aka aikata shi ko aka gama hukunci, da kuma irin aikin da ake nema. Misali, wanda aka ɗaure bara saboda almundahana ba a sa ran a damƙa masa baitulmali, amma faɗan ƙuruciya na shekara 20 da suka wuce bai isa hana mutum aikin tuƙi ko shara ba.

Ana sukar tsarin?

Ƙwarai kuwa. Masu bincike biyu, Amanda Agan da Sonja Starr, sun aika takardun neman aiki na gwaji kusan 15,000 ga kamfanoni a New Jersey da birnin New York, kafin da bayan cire akwatin. Kafin cirewa, farar fata sun fi baƙar fata samun kira da kashi 7 cikin ɗari. Bayan cirewa, tazarar ta kai kashi 43. Bayanin da suka bayar shi ne, da aka hana wasu masu kamfanoni yin tambayar, sai suka koma zato, suna guje wa samari baƙar fata gaba ɗaya, har da waɗanda ba su taɓa shiga hannun hukuma ba. Binciken ya shafi kamfanoni masu zaman kansu ne, amma ya nuna cewa jinkirta tambaya kaɗai ba ya kawar da wariya.

Yaya abin yake a tsarin kaziye?

Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda kaziye ke da takardu uku: ta ɗaya ta alƙalai ce, ta biyu ta wasu hukumomin gwamnati, ta uku kuma ita ake ba mutum a hannunsa. Hukuncin kotu ake rubutawa a ciki, don haka wanda aka tsare aka sake shi ba tare da an same shi da laifi ba, takardarsa na nan fara. A nan tsarin ya fi na Amurka sauƙi. A Faransa ma, dokar ma'aikata ta 1983 ba ta ce duk mai hukunci ya fita ba. Cewa ta yi kada abin da ke cikin takarda ta biyu ya ci karo da aikin da za a ba shi.

Bambancin shi ne, a konkur na Nijar takardar na shiga dosiye tun ranar ajiya, kafin ɗan takara ya zauna jarabawa. Ga wanda ya gama hukuncinsa, hanyar da dokar shari'ar laifuka ta buɗe ita ce neman kotu ta maido masa da haƙƙoƙinsa bayan wa'adin da aka tsara, abin da kan sa hukuncin ya daina fitowa a takardar da yake miƙawa. Don haka tsohon ɗan kaso da ke da niyyar shiga konkur, ya kamata ya fara da tuntuɓar lauya ko ofishin magatakardan kotu tun kafin a buɗe ajiyar dosiye.