Tsohuwar Fijo a Ƙasar Katagum: Motar da Makanikai Suka Hana Ta Mutuwa

A tashoshin motar Azare a yau, Sharon da Golf da bas-bas ƙirar Toyota ne ke lodin Kano da Bauchi da Potiskum. Shekara talatin baya, waɗannan layuka duk na Fijo ne. An kore ta daga kan kwalta, amma ba ta bar ƙasar Katagum ba. Ranar kasuwa, a hanyoyin burji da na yashi da ke shigowa daga ƙauyukan Gamawa da Itas da Shira, har yanzu akan ci karo da a-kori-kura ƙirar 504 ta sha lodin gero da wake da riɗi, mutane sun ɗare kan buhuna, tana tafe tana nishi. Da yawansu sun girmi direbobin da ke jan su.

Da wuya a sami guda cikinsu da take yadda ta fito daga kamfani. Injin na wata ne, giya ta wata ce, kujera kuma aikin mai ɗinkin kushin ne na cikin gari. Irin wannan haɗe-haɗe a Amurka wasa ne na masu sha'awa, kuma sunan motar da aka yi wa shi hot rod.

Abin ya samo asali ne a kudancin jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Samari marasa kuɗin sabuwar mota sukan sayi tsohuwar Ford da araha, su cire rufi da duk wani ƙarfen da ba dole ba don ta yi sauƙi, su ƙara wa injin ƙarfi, sannan su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. A 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda takwas da ƙarfin doki 65 a farashin da talaka zai iya taɓawa, shi ya zama abin neman kowa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu wasu daga cikin motocin sun haura kilomita 160 a awa. A 1948 Robert Petersen ya fara buga musu mujalla, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe tseren daga titunan gari zuwa filayen da aka keɓe. Motar da samarin jiya suka tsinta a bola, yau attajirai ke rububinta a wurin gwanjo.

A Arewa, motar da ta sami irin wannan matsayi a hannun makanikai ita ce 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A shekarar ce Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Peugeot ta unguwar Kakuri a Kaduna. Zamani ne na haɗa motoci a gida: Bosuwaja a Legas, manyan motocin Fiat a Kano, taraktoci da manyan motocin Steyr a garin Bauchi. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar hukuma. Daga nan kwamishina da alƙali da ɗan kasuwa da direban haya suka haɗu a mota iri ɗaya. Faransa ta daina ƙera ƙaramar motar a 1983, Kaduna kuwa ba ta saki ba sai 2006.

Abin da ya sa ta daɗe yana ƙarƙashinta. Cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta na da dogon wasa, don haka takan haɗiye rami ba tare da ta girgiza fasinja sosai ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma sandar da ke kai musu ƙarfi tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga dutse da kututture. Injinta mai silinda huɗu, wanda a yawancinsu bai cika lita biyu ba, da kabireta yake aiki. Babu kwamfuta a ciki. Bakaniken da ke da sifana da filaya da kunne mai kyau zai iya gano ciwonta a gindin darbejiya, ya tashe ta kafin la'asar.

Bambancin bakaniken Azare da saurayin Kalifoniya shi ne manufa. Saurayin gudu yake nema, bakaniken juriya. Saboda haka a-kori-kura akan ƙara mata ganyen sifirin a baya don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin wanda kamfani ya ƙayyade, a walda mata ƙarafan keji a gefe saboda dabbobi da buhuna. Tun da 505 da 504 dangi ne, akan ɗauko inji ko giya mai biyar daga ƙanwar a dasa wa yayar. Mai fanal bita ya fidda ɓangaren da ya ruɓe ya ɗinke da sabon faranti, mai waya ya sake zaren wuta daga fitila zuwa fitila. Kayan da ba a samu a gari ba, a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda ake farke matattun motoci don raya masu sauran numfashi.

Ba kowane gyara ne alheri ba. An saba cire na'urar da ke daidaita zafin inji a jefar, wai ta ƙasar sanyi ce, alhali rashinta kan sa inji ya daɗe bai kai zafin da ya dace ba da asubahin hunturu, ya ƙara shan mai, ya yi saurin cinyewa. Mafi haɗari shi ne a ƙara wa mota ƙarfi ko lodi a bar ta da birkinta na da. Masu hot rod na Amurka sun koyi wannan darasi da jini, shi ya sa ake duba birki da sitiyari kafin a bar mota ta shiga fili.

Tuƙa ta ma sai da sabo. Sitiyarin yawancinsu ba shi da taimakon mai, sai ƙarfin damtse, musamman wajen fakin. Da sanyin safiya sai an ja cok, a bar ta ta ɗumama. A wasu tsofaffin, sandar giya a jikin sitiyari take. Direban da ya san ta ba ya tashi sai ya leƙa ruwan lagireto da baƙin mai, kuma but ɗinsa ba ya rabo da galan na ruwa, da bel, da fulogi.

Ga mai son adana irin wannan mota, yanayin Katagum ya yi masa rabin aiki. Tsatsar da ke cinye bodi a Legas da Fatakwal ba ta da ƙarfi a inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Abokan gaba a nan ƙura ce da rana. Ƙurar hunturu in ta sami hanya ta matatar iska, tana goge cikin silinda kamar yadda toka ke goge tukunya, don haka wanke matata da yin juye a kan kari sun fi kowane ado muhimmanci. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana fasa dashbod, ya busar da robobi, ya kashe fenti. Rumfa ko da ta zana ce ta fi babu. Ruwan rijiya mai kanwa kan toshe lagireto a hankali. Motar da ta ratsa ambaliya a fadamun kogin Jama'are kuwa, sai an wanke lakar ƙarƙashinta, don a nan tsatsa ke samun gindin zama. Ajiye ta ba motsi ma cuta ce: fetur ya lalace a tanki, birki ya ƙame, ɓeraye su tare a cikin wayoyi. Gara a riƙa zagayawa da ita lokaci-lokaci.

Sai takardu. Wanda ya sauya inji ya tabbata lambar sabon ta shiga takardun mota, ya kuma riƙe rasiɗin saye, don kada a wayi gari ana tuhumarsa da kayan sata a shingen bincike.

Babbar barazana yanzu daga aljihu take. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu a shekarar da ta biyo, kuma kabireta ba ta san tsimi ba. Mota ta kwanta a ƙofar gida, 'yan gwangwan su zo da tayi, magada su ga gara kuɗi a hannu, a yanka ta a ɗora a sikeli. Wasu tsofaffin motoci sun tsira saboda sunan masu su: Marsandin da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, fadar Kano kuma ta riƙe tsohuwar Rolls-Royce da sarakuna ke gada. Motar da ta kai amare ɗakunansu, ta kai maniyyata filin jirgin Kano, ta kai ɗalibai makarantun kwana, ita ce ke ƙarewa a hannun masu awo.

A Faransa, motar da ta cika shekara 30 tana iya samun rajista ta musamman a matsayin kayan tarihi. Da wannan ma'auni, duk Fijon da ta fito daga Kakuri tsakanin 1975 da tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta cancanta, ciki har da waɗanda ke ɗaukar buhunan gero daga Gamawa zuwa Azare.