Kulob Ba Yara, Yara Ba Mota: Halin da Ƙananan Ƙungiyoyin Tseren Taswira Ke Ciki a Birtaniya

Jama'a, akwai wani wasa da yawancinmu da muka tashi a Landan ko Mancesta ba mu taɓa leƙawa ba, sai dai ko a makaranta ranar da malamin motsa jiki ya rasa abin yi da mu. Turawa na ce masa orienteering, ni dai tseren taswira nake kiransa. Za a ba ka taswira da kamfas, a sake ka a daji ko lambun gari, ka nemo wasu tutoci masu launin fari da ruwan lemo, ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar na'ura a yatsanka ce ke shaida ka isa kowace tuta. Wanda ya fi saurin gamawa shi ya ci. Daga atisayen sojojin Suwidin da Norwe aka samo shi, an yi gasar farar hula ta farko a Norwe a 1897, Birtaniya kuma ta kafa hukumarta a 1967.

To ina matsalar? Wasu daga cikin manyan gasannin yara na ƙungiya ne, ba na mutum ɗaya ba. Ɗauki gasar Peter Palmer da ake yi a watan Satumba. Gudun karɓa-karɓa ne mai zango shida, dole a haɗa maza da mata, kuma tun kafin gari ya waye ake farawa, na farko da tocila a goshi. Ke nan kulob na bukatar yaro mai zuciyar shiga daji cikin duhu, da ƙanana masu bin hanya mai sauƙi, da manyan da za su kwana da su a zauren makaranta. Babban kulob zai cika ƙungiya biyu ko uku ba gumi. Ƙarami mai yara huɗu, biyu a ciki 'yan gida ɗaya, in mura ta kama gidan nan, shi ke nan, sai baɗi.

Kuma abin na cin kansa. Yarinyar da ta ga ita kaɗai ce sa'arta a kulob ba ta daɗewa, ko ta koma babban kulob ko ta koma ƙwallo.

Masu shirya wasan ba barci suke ba. Gasar Yvette Baker, wadda aka sa wa sunan matar da ta ci zinare a gasar duniya ta 1999 a Sukotlan, tana da kofi na manyan kulob da garkuwa ta ƙanana, inda ake ƙirga makin yara kaɗan. Haka gasar CompassSport ta raba manya da ƙanana. Wannan ya taimaka, amma a ganina gyaran doka ba ya haifar da yara. In babu su, babu su.

Nan ne nake ganin abin ya shafe mu. Ƙannenmu cike suke da unguwanni, ga ƙarfi kamar me, kulob kuma na neman ko mutum biyu. Abin da ya raba su, mota ce da lokaci. Yawancin gasanni safiyar Lahadi ake yi, a dajin da bas ba ta zuwa, a daidai lokacin da yaranmu da yawa ke Islamiyya, Baba kuma ya dawo daga aikin dare. Sannan ka je ka ce wa Mama za a saki Amira ita kaɗai a daji, ka ji amsa!

Amma a duba da kyau. Hanyoyin 'yan koyo, fara da rawaya, a kan turba suke, ba kutsawa cikin ƙaya. Dokar wasan ma ta ce a rufe jiki da ƙafafu in za a shiga daji, don haka dogon wando da riga mai hannu su ne kayan kowa, mai ɗankwali ba za ta zama bare ba. Kamfas da na'urar yatsa kuwa ana bayar da aro ko haya a wurin.

Saura mu ɗalibai. Mai lasisin tuƙi zai iya ɗaukar yara uku, bayan kulob ya yi masa binciken da ake wa duk mai aiki da yara. Kulob ɗin kuma su daina jiran mu same su a daji. Su kawo atisaye lambun unguwa ranar Asabar da yamma, su zo da taswirar wurin, su zauna da iyaye su faɗa musu wa zai kai yaro, wa zai dawo da shi, da ƙarfe nawa.