'Yar'uwarmu Da Ta Dawo Daga Saudiyya Hannu Rabbana: Wace Tarba Muke Yi Mata?

Idan kina zaune a Kafur ko ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, da wuya a ce ba ki san gidan da aka sayar da gona ko amfanin masara da auduga aka biya wa wata kuɗin tafiya Saudiyya neman aikatau ba. Muna ganin waɗanda suka dawo da haƙorin Makka da akwatuna. Amma akwai wadda take saukowa da jakar leda, tana ɗingishi, ba ta son magana da kowa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mata da bizar Umara suke shiga, su zarce ba igama. Can ana kiransu Takari, wani lokaci a jefe su da kalmar baiwa saboda baƙar fata. Wadda ba ta da takarda ba ta da bakin kai ƙara idan an hana ta albashi ko an doke ta, kuma tsoron kamu yakan hana ta zuwa asibiti. Shi ya sa karayar da ta samu wajen faɗowa daga bene ko gudun 'yan sanda take haɗewa a karkace, ta zama nakasa ta har abada. A watan Nuwamba na 2013, da wa'adin afuwar da Saudiyya ta bai wa baƙi marasa takardu ya cika, an yi ta kame, aka tara mutane a gidan tarhil na Shumaisi kafin a mayar da su ƙasashensu.

To idan ta iso gida fa? Waɗanda suka ci kuɗin da take aikowa su ne farkon masu yi mata gori. Idan tana firgita cikin barci, ko ta razana da ƙarar buga ƙofa, sai a ce aljanu ne ko hauka. Alhali sau da yawa ciwon razana ne da ke bin wanda ya sha azaba, kuma ana maganinsa. A fara da babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, daga nan za a iya tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A haɗa da addu'a, kada a tsaya ga ruƙiyya kaɗai. Ki sani kuma tun Janairun 2019 Nijeriya ta yi dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, kuma dillalin da ya yaudare ta ana iya kai ƙararsa hukumar NAPTIP.

Ki tuna baƙar matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya ba da labarinta. Annabi (SAW) bai kore ta ba, ya saurare ta, ya yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri, ya kuma roƙa mata kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa. Wato ya kare mutuncinta.

Don haka ki ziyarce ta, kada ki tsare ta da tambaya. Ki sa ta cikin adashinku, ki kai mata ɗinki ko surfe gwargwadon ƙarfinta, ki kwaɓi yara masu kwaikwayon tafiyarta. Kafin kuma a sake sayar da wata gonar, a zauna da ita a ji daga bakinta.

Allah Ya sa mu dace, amin.