Takardar dala ɗari da injin Java

A ƙarshen Nuwamba na 2012 ne bankin BCEAO ya fito da takardar dala ɗari. Kafin nan tsaba ce mai launi biyu, kowa ya san nauyinta a tafin hannu. A ce a makonnin nan ka shiga kasuwar Mayahi, ka taya tabarmar kaba wurin wata tsohuwa da ta fito daga ƙauyukan Gulbin Kaba, ta sallama, ka miƙa mata sabuwar takardar. Za ta juya ta gaba da baya, ta miƙo maka abinka: "Ɗana, ban san wannan ba." Kuɗin ba jabu ba ne, ita ma ba rigima take nema ba. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga zuwa Maradi kuwa, tsoho da sabo duk karɓa yake.

To, haka harshen Java yake da ma'aikatansa biyu. Na farko shi ne javac, wanda ke karanta abin da mai shirya manhaja ya rubuta, ya juya shi zuwa fayil, ya buga masa lamba a goshi. Na biyu shi ne injin Java, JVM, mai tafiyar da fayil ɗin, kuma kafin ya taɓa komai sai ya duba wannan lamba. Java 8 ta 2014 tana buga 52, Java 11 tana buga 55, Java 17 ta 2021 tana buga 61, Java 21 kuma 65. Sabon inji ya san tsofaffin lambobi. Tsohon inji bai san na bayansa ba.

Ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi zai iya haɗa ƴar manhajar lissafin buhunan hatsi da wake a kwamfutarsa mai Java 17, ta yi aiki sumul, ya tura wa kawunsa mai shago a Tasawa. Can kwamfutar Java 8 gare ta. Ana dannawa sai ga UnsupportedClassVersionError. Yawancin masu koyo a nan suke firgita, su koma tonon kuskure a rubutunsu, alhali saƙon ya faɗi komai ƙarara: fayil ɗinka 61 ne, ni iyakata 52.

Gyara iri biyu ne. Ko dai a sabunta injin kawu, ko a biya shi da tsabar da ya sani. Na farkon ya fi daɗin faɗi. Sai an sauke abin da ya haura mega 100, in intanet ta yarda, kuma in Windows ɗin mai bit 32 ce, kamfanin Oracle bai ma fitar mata da Java 17 ba. Ni na fi karkata ga na biyun. Tun Java 9 akwai umarnin --release: ka rubuta javac --release 8, sai ya buga 52. Amma fa da sharaɗi, domin duk wani sabon salo, irin su var da ya zo da Java 10, sai ka haƙura da shi.

Akwai tsohuwar dabara ta -source da -target, wadda har yanzu ake koya wa juna. A kiyaye ta. Lambar goshi da nahawu kawai take daidaitawa, ba ta hana ka kiran kayan aikin da babu su a Java 8. Injin zai karɓi fayil ɗin lafiya lau, sai aiki ya yi nisa, ana tsakar shigar da lissafi, ya tsaya cik da NoSuchMethodError. Gara wanda ya ƙi ka tun a bakin ƙofa.

Wani lokaci ma ba sai an je Tasawa ba, rikicin cikin kwamfuta ɗaya yake: wani ya sa Java 8 shekarun baya, kai ka zo ka ɗora sabuwa. Rubuta java -version, sannan javac -version. In amsoshin biyu sun saɓa, buɗe PATH, jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajoji, ka ga wadda ke gaba a layi, ka mayar da wadda kake so sama, ka daidaita JAVA_HOME, mai nuna inda Java take, da ita, sannan ka rufe tagar umarni ka buɗe sabuwa, don tsohuwar ba ta ganin canjin.