Gudun Kamfai na Kona

Gudun Kamfai na Kona, wanda a Turance ake kira Underpants Run, taron gudu ne na nishaɗi da tara kuɗin agaji da ake yi a garin Kailua-Kona da ke babban tsibirin Hawai, a ƙasar Amurka, a makon gasar Ironman ta duniya. Bisa al'ada ana yin sa ne da safiyar Alhamis, kwana biyu kafin gasar da ake yi ranar Asabar a watan Oktoba. Mahalarta suna fitowa sanye da kamfai da sauran tufafin ciki, su yi sassarfa ta kimanin kilomita 2 a kan titin Ali'i. Ba tsere ba ne, kuma ba a auna lokacin kowa. An fara shi a shekarar 1998 domin yi wa baƙin 'yan wasa shaguɓe a kan yawo da kayan iyo a shaguna da gidajen abinci, daga baya ya zama ɗaya daga cikin sanannun al'adun makon gasar.

Gasar da taron yake gabata

Ironman nau'i ne na gasar tirayatlon, wato gasar da ta haɗa wasanni uku a jere ba tare da hutu ba: iyo, tseren keke da gudu. A Ironman ɗan wasa yana yin iyo na kilomita 3.86, ya tuƙa keke kilomita 180.2, sannan ya rufe da gudun famfalaki na kilomita 42.195. Bisa ƙa'idar da aka saba, ana ba shi awa 17 ya kammala duka ukun.

An fara gasar ne ranar 18 ga Fabrairu, 1978 a tsibirin Oahu, bisa shawarar John Collins, wani hafsan sojan ruwan Amurka, da matarsa Judy Collins, waɗanda suka haɗa gasanni uku da dama ake yi a tsibirin suka mayar da su ɗaya. Mutum 15 ne suka shiga, 12 suka kammala, Gordon Haller ya zo na ɗaya a awa 11 da minti 46 da daƙiƙa 58. A 1981 Valerie Silk, wadda ke shirya gasar a lokacin, ta mayar da ita Kailua-Kona, inda cunkoson motoci bai kai na Oahu ba. Daga 1982 aka koma yin ta a watan Oktoba.

A yau yawancin masu shiga gasar sai sun ci gurbi a wata gasar Ironman da ake yi a sassan duniya, bisa rukunin shekarunsu. A nahiyar Afirka, babbar gasar da ake neman gurbin ita ce wadda ake yi a yankin Nelson Mandela Bay na Afirka ta Kudu. Saboda haka mutum sama da 2,000 da ke taruwa a Kona kowace shekara sun fito ne daga ƙasashe da dama, kuma da yawa suna zuwa da iyalansu da masu horar da su.

Garin da titin Ali'i

Kailua-Kona ƙaramin gari ne a gabar yammacin tsibirin, mai mutane kusan 20,000 a ƙidayar 2020. Kalmar ali'i a harshen Hawai tana nufin sarakuna da masu jinin sarauta, kuma titin da ke ɗauke da sunan ya ratsa wuraren tarihi masu daraja a wajen mutanen tsibirin. A bakinsa na arewa akwai Kamakahonu, inda Sarki Kamehameha na Ɗaya, wanda ya haɗe tsibiran Hawai a ƙarƙashin mulki ɗaya, ya yi shekarunsa na ƙarshe har ya rasu a 1819. A nan ne wurin ibadar gargajiya na Ahu'ena yake. Gaba kaɗan akwai cocin Mokuaikaua, coci mafi daɗewa a Hawai, wanda aka kammala gininsa na dutse a 1837, sai fadar Hulihe'e da aka gina a 1838.

A wannan yanki ne gasar take farawa kuma take ƙarewa. Ana shiga ruwa a gefen tashar jiragen ruwa ta Kailua, layin kammalawa kuma yana kan titin Ali'i. Shi ya sa a makon gasar titin yake cika da 'yan wasa tun daga asuba, wasu na atisaye, wasu na sayayya, wasu na cin abinci.

Asali

A shekarun 1990 ya zama ruwan dare a ga 'yan wasa, musamman waɗanda suka zo daga Turai, sun fito daga atisayen iyo sun wuce kai tsaye zuwa kanti ko gidan abinci da ɗan matsattsen wandon iyo, irin wanda ake kira da sunan kamfanin Speedo. A wajensu abin ba komai ba ne, amma mazauna garin da dama ba sa jin daɗinsa.

A 1998 wasu 'yan wasa uku, Chris Danahy da Tim Morris da Paul Huddle, suka yanke shawarar nuna rashin dacewar hakan ta hanyar barkwanci. Suka fito titin Ali'i da farin kamfai irin na da, suka yi gudu a bainar jama'a. Saƙon shi ne, wandon iyo a cikin kanti bai bambanta da kamfai ba, don haka wanda ya ga na biyun abin kunya ne, sai ya duba na farkon. Hannunka mai sanda ne, ba tare da an kira sunan kowa ba.

Paul Huddle tsohon ƙwararren ɗan tirayatlon ne kuma mai horarwa, mijin Paula Newby-Fraser, haifaffiyar Zimbabuwe da ta lashe gasar Kona sau 8, fiye da kowa a tarihinta. Shi da abokin aikinsa Roch Frey, mijin Heather Fuhr wadda ta lashe gasar a 1997, su ne suka daɗe suna jagorantar taron. Kusancinsu da manyan 'yan wasa ya taimaka wajen sa taron ya karɓu, har mahalarta suka tashi daga mutum uku zuwa ɗaruruwa.

Yadda ake gudanar da shi

Ana taruwa da safe a kusa da otal ɗin King Kamehameha, daura da tashar jiragen ruwa. Shigar da aka san taron da ita tun farko ita ce farin kamfai, baƙar safa, hula marar fasali da na'urar auna bugun zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji, duka domin kwaikwayon shigar da ake zolaya. Yanzu mutane suna zuwa da shiga iri-iri, ƙungiyoyin gudu da kamfanonin kayan wasanni kan ɗinka wa mambobinsu kaya iri ɗaya. Maza da mata, 'yan gasa, iyalansu da 'yan kallo duk suna iya shiga.

Kafin a tashi, jagoran taron yana karanta wani alkawari cikin raha, mahalarta suna maimaitawa, inda suke ɗaukar alkawarin ba za su shiga shaguna, gidajen abinci da sauran wuraren jama'a da kayan iyo ba. Daga nan sai a bi titin Ali'i a hankali, a tsaya a hanya a yi motsa jiki tare, sannan a dawo. Kuɗin da aka tara daga gudummawa da sayar da riguna ana ba da shi ga ƙungiyoyin agaji na yankin Kona.

Dalilin da ya sa gudun ba shi da tsawo

Gajartar gudun ta dace da halin da 'yan gasa suke ciki a wannan mako. Bayan watanni na atisaye mai tsanani, ɗan wasa yana rage yawan atisayensa a makonni biyu zuwa uku na ƙarshe, sau da yawa da kusan rabi, domin tsoka ta warke kuma jiki ya tara makamashi. Ba a daina motsi gaba ɗaya, sai dai a riƙa yin gajeren gudu marar wahala domin ƙafafu su saki. Sassarfar kilomita 2 ba ta cin ƙarfin da ake tanada wa ranar Asabar.

Akwai kuma batun yanayi. A watan Oktoba zafin rana a Kona yakan kai kimanin digiri 30 a ma'aunin Selsiyos, ga danshi a iska wanda ke hana gumi bushewa. Hanyar keke tana bin babban titin Sarauniya Ka'ahumanu, tsakanin baƙaƙen duwatsun aman wuta masu riƙe zafi, zuwa garin Hawi a dawo, kuma ana fama da iska mai bugowa daga gefe. Jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi sosai. Ga bambancin lokaci: agogon Hawai yana bayan na Jamus da awa 12 a wannan wata. Waɗannan dalilai ne suke sa 'yan wasa isa garin mako ɗaya ko biyu kafin gasar. Suna da lokaci a hannu, atisaye ya ragu, fargaba ta ƙaru, don haka taro irin wannan yana rage musu zullumi kuma yana haɗa su da juna.

Sauran tarukan makon

Gudun Kamfai ɗaya ne daga cikin tarukan da suke gabatar gasar. A ƙarshen makon da ya gabace ta ana yin iyon gwaji mai suna Ho'ala a kan hanyar ruwan da za a bi. Kowace safiya 'yan wasa suna iyo daga bakin tashar jiragen ruwa, wasu su kai har wani kwalekwale da ke tsaye a cikin teku inda ake ba su kofi. Akwai faretin ƙasashe, inda 'yan wasa suke tafiya a titin Ali'i a bayan tutocinsu, da gajeriyar gasar iyo da gudu ta yara. Ana yin liyafar maraba da baƙi, ranar Juma'a kuma kowa ya kai kekensa wurin ajiya a tashar.

Baƙi da masu gari

Matsalar da ta haifi Gudun Kamfai, wato yadda baƙi za su zauna da masu gari, ta fi batun tufafi girma. Gasar tana kawo wa otal-otal da shaguna ciniki, kuma ba za ta yiwu ba sai da dubban 'yan sa-kai, da yawansu mazauna tsibirin. A ɗaya ɓangaren, ana rufe manyan hanyoyi ranar gasar, masu keke suna cika tituna kwanaki kafin ta, masauki kuma yana tsada.

Annobar korona ta hana gasar a 2020, ta 2021 kuma aka yi ta a St. George da ke jihar Utah a watan Mayun 2022. Da ta dawo Kona a Oktoban 2022, an raba ta kwana biyu, Alhamis da Asabar, da 'yan wasa kusan 5,000. Nauyin ya yi wa garin yawa, hukumomin yankin suka nuna ba za a ci gaba da tsarin kwana biyu ba. Daga 2023 zuwa 2025 aka raba gasar tsakanin Kona da birnin Nice na Faransa: mata a Kona a 2023 da 2025, maza a 2024. A 2025 masu gasar suka sanar cewa daga 2026 maza da mata za su koma fafatawa a Kona a rana ɗaya.

Yaɗuwa

An kwaikwayi Gudun Kamfai a makon wasu gasannin Ironman a Amurka da Kanada, inda a nan ma ake amfani da shi wajen tara kuɗi ga ƙungiyoyin agaji na garin da ya karɓi baƙuncin gasar. Na Kona shi ne na asali kuma mafi shahara, kuma hotunansa suna cikin waɗanda mujallun tirayatlon suke bugawa kowace shekara a makon gasar.