Kula da Na'urar PLC a Masana'antu

Masana'antun da ke kan hanyar Kachia, daga Kaduna zuwa Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, na iya asarar kwanaki saboda na'urar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke kunna injuna da kashe su bisa umarnin da aka loda mata.

Idan injin ya tsaya, galibi laifin ba nata ba ne. Kamata ya yi injiniya ya fara duba wayoyi da fis da na'urorin gano motsi, waɗanda ƙurar hunturu ke toshewa.

Babban haɗarin shi ne mutuwar batirin da ke riƙe umarnin. Wuta na ɗaukewa komai na iya gogewa, kuma kamfanin da bai ajiye kwafi ba sai ya dakatar da aiki har a sake rubutawa.